Shigar burtu iri biyu: Harry's Game ko The Little Drummer Girl?

Ɗan yayata ne ya kira ni ana gab da la'asar, yana tsugune gaban wani mai baza littattafan gwanjo a bakin titi. "Kawu, biyu ne a hannuna, kuɗin ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?" Ya karanto mini sunayensu, na yi dariya, domin dukkansu na karanta su, na ba da aronsu, ɗaya ma har yau bai dawo ba. Na farko Harry's Game na Gerald Seymour, wanda ya fito a 1975. Na biyu The Little Drummer Girl na John le Carré, na 1983. Na ce masa ya ba mai littafin haƙuri ya ajiye masa su zuwa gobe, tambayarsa ba ta minti biyu ba ce.

Duka biyun labarin shigar burtu ne. Maharbi ya ɗaura kan tsuntsun a goshinsa, ya rusuna, ya riƙa tafiya yana sara ƙasa kamar mai kiwo, har ya isa tsakiyar namun daji ba su farga ba. A littattafan nan mutum ake aikawa ya yi haka a tsakiyar mutanen da suka ɗauki makami saboda siyasa, waɗanda in suka gane shi ba zai kwana ba. Daga nan kuma sai hanya ta rabu, kowa ya kama gabansa.

Seymour ɗan jarida ne. Ya yi aiki da gidan talabijin na ITN a Birtaniya tun 1963, ya ɗauko rahoto daga Biyatnam, yana Munich a 1972 lokacin da aka kashe 'yan wasan Isra'ila 11, sannan ya daɗe yana zirga-zirga a titunan Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa. Harry's Game ne littafinsa na farko, kuma da ka buɗe za ka ji hannun mai rahoto: ga abin da ya faru, ga wanda ya yi, ga ƙarfe nawa. Labarin ya fara da kisa tsirara. Wani ɗan bindigar ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ailan ta Arewa da Birtaniya, ya tare wani minista mai suna Henry Danby a ƙofar gidansa a Landan da safe, ya buɗe masa wuta a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya sulale ya koma Belfast. Gwamnati ta ji kunya, Firayim Minista ya ce lallai a nemo shi. Aka ɗauko wani kyaftin na soja, Harry Brown, haifaffen Ailan ta Arewa wanda ya taɓa irin wannan aiki a Aden ta ƙasar Yemen har ya kusa zarewa, aka ba shi horo na gaggawa, aka sauya masa suna zuwa Harry McEvoy, aka ce ya je a matsayin ma'aikacin jirgin ruwa da ya daɗe a teku ya dawo gida. Ya kama ɗaki a gidan saukar baƙi a unguwar 'yan Katolika, ya sami aiki a wajen masu tara tsofaffin ƙarafa, ya zauna yana baza kunne.

Wanda bai san rikicin ba, ga shi a taƙaice. Ailan ta Arewa yanki ne na Birtaniya. Mafi yawan 'yan Furotesta suna so a ci gaba da zama a haka, mafi yawan 'yan Katolika suna so a haɗe da sauran tsibirin. Sojojin Birtaniya sun sauka kan tituna a watan Agusta 1969, aka fara tsare mutane ba shari'a a 1971, ranar 30 ga Janairu 1972 sojoji suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry, wani na 14 ya cika daga baya. Kafin a sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a watan Afrilu 1998, kimanin mutum 3,500 sun mutu. Cikin shekarun da wutar ta fi ruruwa ne Seymour ya jefa Harry.

Abin da masu son littafin nan suka fi yabawa, ni ma ina cikinsu, shi ne yadda tsoro ke zuwa daga ƙananan abubuwa. Babu tseren motoci a kan gada, babu agogo mai harbi. Karin harshe ne. Mutum ya bar gida shekaru, bakinsa ya gauraye da na bariki, yanzu dole ya yi magana kamar wanda bai taɓa rabuwa da mutanensa ba. Ka ɗauka an tura Bakano ya zauna a wata unguwa a Sakkwato yana cewa nan aka binne cibiyarsa. Zai iya kwana uku yana "mi kaka so", amma ranar da ya tashi daga barci a firgice, ko ya yi tuntuɓe, abin da zai fito daga bakinsa shi zai kashe shi. Ga uwar masauki da ke lura da lokacin fitarka da na dawowarka, ga mashaya da ake yin tsit in baƙo ya shigo, ga yaran lungu da suka san fuskar kowa. A unguwa irin wannan ba a buƙatar ɗan leƙen asiri, unguwar ce gaba ɗaya ido.

Wani abin da ya ɗaga littafin sama da takwarorinsa shi ne makashin. Seymour ya daɗe bai ma faɗi sunansa ba, yana ce masa "mutumin" kawai, kafin mu san cewa Billy Downs ne daga unguwar Ardoyne, mai mata da ƙananan yara. Muna ganinsa yana ɓuya a gidajen mutane, muna ganin matarsa tana ƙirga kwanakin da bai kwana gida ba, muna ganin hannunsa ya fara rawa. Wani abokina, tsohon malamin firamare da ya karanta kwafina, ya ce abin da ya dame shi shi ne ya tsinci kansa yana fatan kada a kama Downs, alhali da idonsa ya ga abin da ya yi a shafukan farko. Wata ƙanwar matata kuwa ta ce wannan ai wayon marubuci ne, a sa maka tausayin mai kisa don a ce an yi adalci. Kowa da gaskiyarsa, amma ni ina bayan malam. Mafarauci da abin farautarsa a littafin nan kamar tagwaye suke: kowanne manya ne suka aike shi, kowanne kuma manyan a shirye suke su yar da shi in ya zame musu kaya.

Zan ɗan ɓata wa mai karatu wani ɓangare na tsakiya, wanda ba ya son haka, sai ya tsallake wannan sakin layi. Harry ya saba da wata budurwa, Josephine. Cikin hira ta sako masa zancen wata yarinya da ta san wani abu game da makashin. Shi kuwa aikinsa ke nan, ya kai rahoto. Aka kama yarinyar, aka tsare ta, ta rataye kanta a ɗakin da aka kulle ta. Ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Wannan ne wurin da na ajiye littafin na fita na sha iska. Sannan ga sakacin manya: an tura mutum bakin kura ba a sanar da kwamandojin da ke wurin yadda ya kamata ba, kowace hukuma tana kishin 'yar'uwarta, ga sakin baki a inda bai dace ba. Rabin haɗarin da Harry ke ciki daga nasa ɓangaren ya fito.

Kuma wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce kawai. A watan Oktoba 1972 IRA ta yi wa wata motar wanki da guga kwanton ɓauna a Belfast, ta kashe direban, bayan ta gano cewa kamfanin wankin na sojoji ne, suna karɓar kayan mutane ne don su bincika ko akwai burbushin albarushi a jiki. Shekara biyu bayan fitowar littafin, a watan Mayu 1977, aka sace Kyaftin Robert Nairac daga wata mashaya a kudancin Armagh, a Ailan ta Arewa, inda ya shiga da sunan ƙarya, aka kashe shi. Mutane da yawa da suka karanta Seymour bayan wannan sai suka riƙa ganin kamar duba ya yi. A watan Maris 2024 kuma wani binciken 'yan sanda kan babban ɗan rahoton da sojoji suka dasa cikin IRA, wanda ake yi wa laƙabi da Stakeknife, ya nuna da alama rayukan da aka rasa ta dalilinsa sun fi waɗanda aka ceta. Duk wanda ya karanta labarin yarinyar can ba zai yi mamakin wannan ba.

Aibinsa fa? Matan da ke ciki ba su da kauri, suna zuwa ne su motsa labari su wuce, in ka cire matar Downs. Soyayyar Harry da Josephine ta yi saurin ƙulluwa. Sannan dalilin da ya sa saurayi a Ardoyne zai ɗauki bindiga tun farko, Seymour ya nuna shi ne ta gefen ido, bai zauna a kai ba. Ido na Birtaniya ne ke kallo, ko da yake ido ne mai kunya.

To, le Carré wani tsagi ne daban. Sunansa na yanka David Cornwell, ya yi aiki da hukumomin leƙen asirin Birtaniya biyu, MI5 da MI6, kafin ya koma rubutu gaba ɗaya, ya rasu a watan Disamba 2020. Nasa labarin ma da mutuwa ya fara: wata budurwa ta kai akwati gidan wani jami'in diflomasiyyar Isra'ila a Bad Godesberg, kusa da Bonn a Jamus ta Yamma, akwatin ya tashi, har da ƙaramin yaro cikin mamatan. Mai haɗa bama-baman wani Bafalasɗine ne, Khalil, wanda ba a san kamanninsa ba, sai dai alamarsa: ragowar waya da yake naɗewa ya bari cikin kowane bam. Wani tsohon hannu a leƙen asirin Isra'ila, Martin Kurtz, ya ƙudura sai ya kai gare shi. Hanyar da ya zaɓa ita ce abin mamaki. Bai tura soja ba. Ya nemo wata Baturiyar Ingila mai suna Charlie, 'yar wasan kwaikwayon dandamali mai shekara 26, mai zafin kai, mai zuwa tarurrukan 'yan ra'ayin sauyi, wadda ma bakinta yana bayan Falasɗinawa. Aka tura mata wani jami'i, Gadi Becker, wanda ta sani da Joseph, ya janye ta daga cikin abokanta a tsibirin Mykonos na Girka.

Abin da suke so da ita shi ne ta zama masoyiyar ƙanin Khalil, mutumin da ba ta taɓa yin soyayya da shi ba. Don haka sai a ƙera soyayyar daga tushe. A rubuta wasiƙu da salon hannunta da nasa, a tanadi rasiɗin otal, a saya mata abin hannu, Joseph ya sa tufafin saurayin, ya hau irin jar Marsandinsa, ya riƙa yi mata magana da bakinsa, yana ba ta labarin ƙauyen da aka kore su, har ta fara jin zafin abin a ranta da gaske. Wato jami'in Isra'ila ne ke koya mata ciwon Falasɗinawa, kuma ya iya koyarwar. Daga baya ta tuƙa mota maƙare da nakiya ta ratsa Yugoslabiya zuwa Ostiriya, aka karɓe ta, aka kai ta sansani a Labanan.

Nan ne masu karatu suka rabu gida biyu, kuma rabuwa mai tsanani. Kashi na farko suna cewa littafin ya cika jan rai. Akwai wani dare guda a wani gida kusa da Atina inda Kurtz da mutanensa suka zaunar da Charlie suna yi mata tambayoyi, suna ɓare ƙaryar da ta saba yi game da mahaifinta da yarintarta ɗaya bayan ɗaya kamar albasa. Daren nan ya ci shafuka masu yawan gaske. Mutum uku na ba wa aron littafin, biyu a nan suka tsaya. Ɗaya ya dawo mini da shi da takardar kati a maƙale daidai wurin, ya ce shi labarin harbi ya zo nema, ba zaman kotu ba. Kashi na biyu kuwa suna cewa wannan daren shi ne littafin. Ni da farko ina kashi na farko. Sai a karatu na biyu, bayan shekaru, na gane abin da ake yi: ana nuna maka yadda ake sace mutum ba tare da an ɗaure shi ba. An gano cewa yarinyar nan ba aƙida take nema ba, gida take nema, wanda zai ce mata ke tamu ce. Kurtz ya zame mata uba, Joseph ya zame mata abin so, sai ta miƙa wuya da kanta. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jan matashi cikin wata ƙungiya, kowace iri ce, zai gane salon.

Shigar burtun Harry a fata ta tsaya. Ya san ko shi wane ne, tsoronsa kada a gane. Ita Charlie kan burtun ne ya manne mata a goshi. Da ta isa Labanan, ta zauna da yara a sansanin 'yan gudun hijira, ta ga jirage suna sako bama-bamai, ta ci abinci da mutanen da aka aiko ta ta ci amanarsu, sai ta kasa sanin hawayen da take yi na wasa ne ko na gaske. Wannan ya fi harsashi ciwo, kuma Seymour bai kai can ba, bai ma nufi can ba.

Dole a yi maganar siyasar littafin, domin na san masu karatunmu, zancen Falasɗinu ba wasa ba ne a wurinsu. Le Carré ya je yankin da ƙafarsa kafin ya rubuta. Ya gana da jami'an Isra'ila, ya gana da Yasir Arafat a Bairut, har ya yi daren sabuwar shekara tare da shi a wata makarantar marayu, kamar yadda ya bayar da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 2016. Littafin ya fito ne watanni kaɗan bayan Isra'ila ta mamaye Labanan a watan Yuni 1982 da kisan kiyashin Sabra da Shatila a watan Satumba. A wancan zamani, ba kasafai marubucin Turai mai kasuwa irin tasa ke bai wa Bafalasɗine baki ya faɗi abin da aka yi masa ba, shi ya sa wasu magoya bayan Isra'ila suka ji haushinsa. Amma mai goyon bayan Falasɗinu ma yana da ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe: dabara, haƙuri, tsari, duk a hannun Kurtz suke. Ta idonsu muke shiga labarin, da su muke zama a ɗakin shiri. Falasɗinawa sai can gaba suke bayyana da fuskokinsu, kuma kaso mai yawa na kukansu daga bakin Joseph muka fara jin sa. Wanda ke neman littafin da zai tsaya masa a gefe ɗaya, ba zai same shi a nan ba. Wanda kuma zai iya jure zama cikin ɗakin mutanen da ba ya ƙauna don ya ga yadda suke tunani, zai ƙaru.

Masu cewa labarin ya yi nisa da gaskiya, wai wace hukuma ce za ta ɗora babban aiki a kan 'yar wasan da ba ta da horo, suna da hujja. Sai dai tarihi ma yana da nasa abin mamakin. A watan Yuli 1973 jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, sun harbe wani ma'aikacin gidan abinci ɗan Maroko, Ahmed Bouchikhi, a garin Lillehammer na Norway, bisa kuskuren cewa shi ne Ali Hassan Salameh, wani jigon Falasɗinawa da suke farauta. Shi Salameh ɗin sai a watan Janairu 1979 aka kashe shi da bam a mota a Bairut, kuma cikin waɗanda aka alaƙanta da aikin har da wata mata mai fasfon Birtaniya da ta zauna a unguwar tana aikin agaji.

Sai batun Turanci, wanda masu sharhi na can ba sa damuwa da shi amma mu ya shafe mu. Seymour jimlolinsa gajeru ne, in ka iya karanta jarida za ka bi shi, sai dai 'yan kalmomin titi na Belfast da za ka tsallake ba asara. Wanda ya taso da James Hadley Chase, ko ya sha The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, mutumin da 'yan Najeriya suka sani tun rahotanninsa na yaƙin Biyafara, zai ji kamar gida ya dawo. Le Carré kuwa jimla ɗaya sai ta yi layi shida, cike da habaici da ba'a irin ta Turawan Ingila, wadda in ba ka saba ba sai ka ɗauka yabo ne. Littafin kuma ya fi na Seymour kauri nesa ba kusa ba. Harry's Game na gama shi a kwana biyu, ɗayan ya ci mini kusan wata. Ga iyaye masu tambaya: duka biyun akwai shan giya da mu'amalar maza da mata ba aure, amma na le Carré ya fi yawa, domin a kan haka aka gina makircin. Ba na ba wa ɗan sakandare shi.

Wanda karatu ke yi wa nauyi, dukkansu an mai da su fim. Harry's Game ya fito a talabijin kashi uku a 1982, kuma waƙar ƙarshensa da ƙungiyar Clannad ta rera da harshen Ailan ta yi suna har ta fi fim ɗin. Na le Carré an yi shi sau biyu, a 1984 da Diane Keaton, sai a 2018 kashi shida da Florence Pugh, wanda Park Chan-wook ɗan Koriya ta Kudu ya ba da umarni. Na 2018 ya fi, kuma ya taimaki wasu da suka maƙale a daren Atina suka koma suka ƙarasa littafin.

Da na kira ɗan yayata da daddare, tambaya ɗaya na yi masa: yaushe rabonka da gama littafin Turanci daga bango zuwa bango, ba na jarrabawa ba? Ya yi shiru, ya ce tun yana aji biyu a jami'a. Na ce to Seymour za ka ɗauka. In da ya ce mini watan jiya ya gama wani, ko ya ce abin da ke cin ransa shi ne yadda ake juya tunanin mutum har ya yi abin da bai taɓa zato ba, da le Carré zan ce, domin shi ne ya fi zurfi, shi ne kuma har yanzu nake tunawa da wasu shafukansa in ina tuƙi. Amma zurfin rijiya ba ya amfanar wanda gugarsa ba ta kai ba, kuma na gaji da karɓar littafin nan da takardar kati a tsakiya.

Washegari ya turo mini hoto. Bangon ya yage a kusurwa, wani ya rubuta sunansa da lambar ajinsa da jan biro a shafin farko, shafukan sun yi ruwan ƙasa. Ya ce mai littafin ya yi alkawarin ɓoye masa ɗayan a ƙasan buhu har ƙarshen wata. Bayan kwana uku, wajen ƙarfe ɗaya na dare, saƙonsa ya shigo: "Kawu, don Allah Harry zai fita daga garin nan kuwa?" Na kashe wayar na juya na ci gaba da barcina.